Kundin horon sababbin ma'aikatan sa barci a ɗakin tiyata, Maradi

Litinin, 8 ga Satumba 2025

Yau muka karɓi ɗalibai uku, mace ɗaya da maza biyu, waɗanda suka gama karatun aji a fannin sa barci da farfaɗo da majinyaci. Za su yi wata uku a hannunmu kafin a rarraba su. Akasarin masu fita daga nan gundumomi ake kai su, wajen Dakoro, Mayahi, Tasawa ko Gidan Rumji, kuma wanda ya yi nisa da babban gari, idan dare ya yi shi ne a kan majinyaci, ba na gaba da shi da zai ɗaga murya ya kira. Shi ya sa muka tsara horon haka: mako uku na farko kayan aiki da magunguna kawai, ba mai taɓa majinyaci. Daga nan hanyar numfashi da allurar baya a gaban babba, sai yara, ɗakin farfaɗowa da gaggawa.

Kuɗin da aka kashe: kaye uku masu kauri da biro, jikka 2 na sefa, fotokofin takardun lura da majinyaci, jikka 3. Kowane ɗalibi zai riƙa rubuta duk aikin da ya tsaya a kai, wanda ya sa masa ido ya sa hannu a ƙasa.

Laraba, 10 ga Satumba

Duba kaya da safe, kafin a shigo da kowa. Jerin ba ya canzawa: oksijin, jakar Ambu ta hura numfashi da hannu, injin tsotsa, sannan na'urar sa barci. Na'ura tana iya mutuwa ana tsakiyar aiki a ci gaba da hura numfashi da hannu, amma idan amai ya taso babu abin tsotsa, ba abin da zai tsaya a madadinsa.

Mun daɗe a kan lissafin tukunyar oksijin, domin agogonta matsi kawai yake nunawa, ba ya faɗin minti nawa suka rage. Ana ninka girman tukunya da abin da agogo ya nuna. Babba mai lita 50 idan tana cike a bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsi), lita 10,000 ke cikinta. Idan ta sauka zuwa bar 60, saura lita 3,000, a gudun lita 5 a minti awa 10 ke nan. Ƙarama mai lita 5 ta rakiyar majinyaci, a bar 100 lita 500 ce kacal, a gudun lita 10 ba za ta wuce minti 50 ba, kuma ba a lissafi har ƙasa, ana barin rara. A buɗe tukunya a hankali, fuska a gefe, kuma kada maiƙo ya kusanci bakinta, don mai da oksijin mai matsi wuta suke tayarwa. Wanda ya shafa basilin da safe ya wanke hannu tukuna.

Gwajin yoyo bai yi ba. An rufe bawul, an toshe bakin bututu da babban yatsa, an cika jaka har agogo ya kai 30, sai allurarsa ta sulale ƙasa maimakon ta tsaya daƙiƙa 10. Muka bar ɗaliban su nemo da kansu. Sun fara da canza bututu, ba nan matsalar take ba. Wuri biyu ne. Wuyan jakar roba ya tsattsage, sai an miƙe shi ake gani. Sannan ƙwaya ɗaya ta tsakuwar shanye iskar kabon ta maƙale a kan robar murfin gwangwaninta, murfin bai zauna ba. Zafin garin nan yana cin roba da wuri, don haka jakar ajiya ba a barinta kusa da taga. Tsakuwar kuma fiye da rabinta ta juya shunayya, an zubar an zuba sabuwa. Launin yakan koma fari idan ta kwana alhali ta riga ta gaji, saboda haka da yamma bayan aiki ake duba ta.

Juma'a, 12 ga Satumba

An maimaita duba kaya, kowa shi kaɗai. Ba matsala.

Talata, 16 ga Satumba

Wuta ta ɗauke da hantsi ana cikin atisaye, Allah ya sa ba kowa a kan tebur. Na'urar tace oksijin ta tsaya nan take tana ƙara, gurup, wato injin wuta, kuma bai tashi da wuri ba. Abin yi shi ne a juya kan tukunya, sai aka nemi makullin buɗe ta aka rasa, yana aljihun wani da ya fita. An haura minti biyu kafin a samo. Da ƙaramin yaro ne a kwance da oksijin ɗinsa ya zube kafin nan, domin ajiyar iskar huhunsa kaɗan ce, kuma a kan kowane kilo yana ƙona oksijin kusan ninki biyu na babba.

An sa maƙeri ya ƙera makulli biyu, an ɗaure kowanne da sarƙa a wuyan tukunyarsa, jikka 2 da rabi. Fitilar goshi biyu, jikka 4. An fito da injin tsotsa na ƙafa daga sito, an wanke, yana aiki. Daga yau duk mako za a kashe wutar ɗakin atisaye ba sanarwa, a ga cikin daƙiƙa nawa ake komawa tukunya.

Litinin, 22 ga Satumba

Makon magani. Ba a ajiye sirinji a kan tire ba tare da suna da ƙarfin magani a jikinsa ba, ko da na minti ɗaya ne. Mun sayi salatif mai launi da alƙalamin da ba ya gogewa, jikka 3, muka bi tsarin launin da ake bi a duniya: rawaya na sa barci, ja na sassauta tsoka, shuɗi na dangin morfin, shunayya na ɗaga tansiyo, kore na atirofin, toka-toka na kashe wuri.

Haɗin da kowa zai haddace. Ketamin mai miligiram 50 a mililita, a ɗebi mililita 2 a cika zuwa 10, ya zama miligiram 10 a kowane mililita. Efedirin miligiram 30 a cika zuwa mililita 10, ya zama 3 a kowane. Adiranalin miligiram 1 a cika zuwa 10, ya zama maikirogiram 100 a kowane. Tiyofental giram 1 a ruwa mililita 40, miligiram 25 a kowane.

A atisayen yamma ɗalibi ɗaya ya ɗebi atirofin da lissafin rabin miligiram a mililita, alhali kwalin da ya shigo wannan watan na miligiram 1 ne. Kwalaben girmansu ɗaya, rubutun ƙanana. Da a jikin yaro ne ninki biyu ya samu. Hannu ya saba da tsohon kwali, ido bai karanta ba, kuma wannan ba laifin sabon shiga kaɗai ba ne, tsofaffin hannu ma yana kama su. Doka: a karanta suna, ƙarfi da ranar lalacewa da babbar murya, na biyu ya kalli kwalbar ya amsa.

Mafi hatsarin ruɗewa shi ne tsakanin bufibakayin na allurar baya da tiranekzamik na tsayar da jini. Kwalabensu kan yi kama, duka biyun suna zagaye da tiyatar haihuwa, kuma idan tiranekzamik ya shiga ruwan laka farfaɗiya da rikicewar zuciya ke biyo baya, sau da yawa har mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan haka a 2022. Mun raba musu wuri: bufibakayin a akwatin allurar baya, tiranekzamik a kabad na ɗaya bangon. Sukzametoniyom na sassauta tsoka da oksitosin na matse mahaifa suna firigo tsakanin digiri 2 da 8, an rataye takardar rubuta awon sanyi safe da yamma.

Alhamis, 25 ga Satumba

Sa allurar ƙarin ruwa. Launin allura ke nuna girmanta: toka lamba 16, kore 18, ruwan hoda 20, shuɗi 22, rawaya 24. Mai haihuwa ba a sa mata ƙasa da kore. Ɗigo 20 mililita 1 ne, don haka mililita 500 a awa 4 kusan ɗigo 42 ne a minti.

Talata, 30 ga Satumba

An fara zagayen ganin majinyata jajibirin aiki. Ƙa'idar barin ci: abinci da nonon dabba awa 6, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2. Yau an ɗage aikin gwaiwar wani yaro saboda yadda aka yi tambaya. Ɗalibin ya ce wa kakar yaron, "Inna, ya ci abinci da safe?" Ta ce, "A'a ɗana, bai ci komai ba." Ya rubuta. Da babba ya zo ya sake tambaya, "Inna, ko kunu bai sha ba?" sai ta ce, "Kunu kam na ba shi rabin kofi, kada yunwa ta galabaitar da shi." Ba ƙarya ta yi ba, a wurinta kunu sha ake yi. Amma kunu, koko da fura duk abinci ne a cikin ciki, awa 6 suke buƙata, kuma idan suka taso suka faɗa huhun mai barci, ciwon da ke biyo baya ya fi gwaiwar nesa ba kusa ba. Yanzu sai an ambaci kowanne da sunansa: tuwo, fura, kunu, nono, shayi da madara, goro. A kuma faɗa wa mai jinya dalili, domin wanda ya gane dalili ba ya ba da kunu a ɓoye.

Sauran tambayoyin: jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ake sha, tiramadol, asma, farfaɗiya, ko wani a dangi ya taɓa samun matsala da maganin barci. A duba buɗewar baki, ta ɗauki yatsu uku, da haƙori mai girgiɗi, da motsin wuya. Lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, yara da yawa jininsu ya yi ƙasa, don haka a ja fatar ido a duba, a nemi awon jini kafin a sa suna a jeri.

Litinin, 6 ga Oktoba

Hanyar numfashi, a kan mutum-mutumin koyo. Dukkansu suna ɗokin zura bututun numfashi a maƙogwaro, mu kuma mun tsare su a kan abin rufe fuska da jaka. A ganinmu wanda ya iya ɗaga haɓa, ya manne roba a fuska ba yoyo, ya ga ƙirji yana tashi, ya fi wanda ya iya zura bututu amfani a gunduma, domin rashin oksijin ke kisa, ba rashin bututu ba. Ana auna Guedel, lanƙwasasshiyar robar da ake sa wa a baki don kada harshe ya toshe hanya, daga gefen baki zuwa kusurwar muƙamuƙi. Kafin sa barci a shaƙa wa majinyaci oksijin minti 3. Bututu lamba 7 ga mace, 7.5 ko 8 ga namiji, zurfi kusan santimita 21 da 23 a haƙora, a kuma ajiye na ƙasa da shi a gefe. A gwada balon da ke kusa da ƙarshen bututun kafin a zura. Bayan zurawa a saurari hammata biyu da kan tumbi. Idan gefen dama kaɗai ke tashi, bututu ya zarce, a ja shi kaɗan. Idan ana kokwanton ko hanyar abinci ya bi, a cire a koma jaka.

Laringoskof, ƙarfen nan mai fitila na leƙa maƙogwaro, biyu cikin huɗu ba su kawo wuta sosai ba, haske ja-ja yana ƙiftawa. An canza pil, jikka 1 da rabi, ɗaya ya gyaru. Ɗayan da aka duba gindin ƙarfensa, wurin da yake haɗuwa da mariƙi ya yi tsatsa kore. An gano ana barin ƙarafan su kwana cikin ruwan jabel. Jabel yana cin ƙarfe. Tsarin da aka manna a bango: a wanke da sabulu da buroshi nan take, a tsoma a maganin kashe ƙwayoyin cuta iya lokacin da aka rubuta a jikinsa, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a busar. An kankare tsatsar, yana kawowa, amma mun mayar da shi na atisaye.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Kowa ya hura numfashi da jaka a kan manya, a gaban babba. Biyu hannunsu ya zauna, ɗaya yana danna fuska ƙasa maimakon ya ɗago muƙamuƙi sama. Zai ƙara mako.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ranar masu sa barci ta duniya, tunawa da 16 ga Oktoba 1846 da likitan haƙori William Morton ya nuna sa barci da maganin shaƙa mai suna eta a gaban jama'a a Boston ta Amurka. Mun yi amfani da ranar muka dawo da takardar tabbatar da lafiyar tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fito a 2008, mai tambaya 19 a tsayuwa uku: kafin sa barci, kafin yanka, da kafin fita daga ɗaki. An ba ɗaliban karanta tsayuwar farko. Kunya ce matsalar, suna jin nauyin tsayar da likita su ce, "Dokta, wane gefe ne za a yi wa aiki?" Likitan da kansa ya ce musu su tambaya, kuma ba zai ɗauki wuƙa ba sai an tambaya. Wannan ya fi duk bayaninmu tasiri.

Talata, 21 ga Oktoba

Oksimeta, na'urar auna oksijin na jini, ta ƙi karantawa a yatsan wata amarya, baƙin lalle ya rufe yatsun hannu da na ƙafa. Jan lalle bai cika hanawa ba, baƙin ne ke tare haske. An maƙala na kunne, ta karanta 98. Sauran masu hana ta: yatsa mai sanyi, rawar jiki, hasken fitilar tiyata a kanta, ko awon tansiyo a hannu ɗaya da ita. Ƙasa da 94 a nemi dalili, ƙasa da 90 gaggawa ce: a ƙara oksijin, a bi daga majinyaci zuwa na'ura. A kan baƙar fata takan nuna sama da gaskiya da ɗan maki, don haka 92 a wurinmu ba abin sakankancewa ba ne. Kuma ba a kashe ƙararta, saukar sautin kunne ke fara ji kafin ido ya kai kan lamba.

Talata, 28 ga Oktoba

Allurar baya a tiyatar haihuwa, aikin da za su fi yi idan sun fita. Kafin komai: allurar ruwa mai gudu, efedirin a haɗe da suna, kayan zura bututu a shimfiɗe kamar za a sa barci gaba ɗaya. Mace ta zauna, ƙafafu a kan kujera, ta rungumi matashi ta turo baya. Layin da ya haɗa saman ƙasusuwan ƙugu biyu yana bi ta wajen ƙashin baya na huɗu na ƙugu, a shiga nan ko gurbi ɗaya sama, kada a haura, domin laka a babba tana ƙarewa wajen na ɗaya zuwa na biyu. Allura lamba 25 ko 27, mai kauri ita ke jawo ciwon kai bayan aiki. Sai ruwa garau ya ɗigo ake tura magani, bufibakayin mai nauyi kusan mililita 2, miligiram 10. A kwantar da ita a karkace hagu kamar digiri 15 don mahaifa ta sauka daga kan manyan jijiyoyi. Ba a yin ta ga mai zubar jini sosai, ko mai ƙurji a wurin, ko wadda jininta ba ya daskarewa.

Matsalar yau: minti huɗu bayan allura matar ta ce, "Malama, zuciyata na tashi." Ɗalibar ta juya neman kwanon amai. Tashin zuciya a wannan lokaci faɗuwar tansiyo ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. An auna, ya sauko daga 120 zuwa 80. An tura efedirin mililita 2, miligiram 6, an buɗe ruwa, an ƙara karkata tebur, cikin minti biyu ya koma 105, tashin zuciyar ya tafi. Jariri ya fito yana kuka. Abin da ya jawo jinkirin gani shi ne na'urar awo tana kan kowane minti 5. A minti 10 na farko kowane minti 1 zuwa 2 ake aunawa, kuma ana yi wa mace magana ba yankewa, domin muryarta awo ce. Idan ta ce hannuwanta sun yi nauyi, ko murya ta shaƙe, ko bugun zuciya ya ragu, magani ya hau sama, a shirya hura numfashi. Oksitosin bayan fitowar jariri a hankali ake tura shi, da sauri yana ƙara kayar da tansiyo.

Talata, 4 ga Nuwamba

Yara. Sikelin ɗakin ya lalace, ɗalibi ya yi lissafin shekara: a ƙara 4 a ninka biyu, ɗan shekara 4 kilo 16. Da aka aro sikeli aka ɗora shi, kilo 12 ne. Yaranmu da yawa ba su kai nauyin littafi ba, kuma duk magani a kan kilo yake. An sayi sabon sikeli, jikka 7.

Ga mai kilo 12: ƙarin ruwan riƙe jiki mililita 44 a awa. Jininsa duka kusan mililita 960 ne, a kan 80 kowane kilo, don haka zubar mililita 100, kashi ɗaya cikin biyar na ledar ruwan sha, ya riga ya kai kashi 10 cikin 100. Bututu marar balo, shekara a raba 4 a ƙara 4, lamba 5. Zurfi, rabin shekara a ƙara 12, santimita 14. Ketamin ta jijiya miligiram 1 zuwa 2 a kilo, a hankali cikin minti ɗaya, da sauri yana tsayar da numfashi. Yana kawo yawu, shi ya sa ake haɗa shi da atirofin. Ido a buɗe ba ya nufin yaro ya farka.

An yi atisayen ƙullewar maƙogwaro: ƙara mai tsini wajen jan numfashi, ko shiru gaba ɗaya ƙirji yana fama. A dakatar da mai aiki, a tsotse yawu, a tura muƙamuƙi gaba da ƙarfi, oksijin zalla da ɗan matsi. In bai saki ba a zurfafa barci, in oksimeta na ci gaba da sauka sukzametoniyom, atirofin a hannu.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Ƙura ta fara. Na'urar tace oksijin ta kunna fitilar gargaɗi, da aka ciro soson bayanta ya toshe da jar ƙasa. An wanke, an shanya a inuwa, an sa na ajiya. Jiƙaƙƙen soso ba ya komawa ciki. Lafiyayyar na'ura tana ba da oksijin kashi 90 zuwa 95 cikin 100, toshewa na rage shi ba tare da gudun iskar ya nuna ba. Har ƙarshen hunturu sau biyu a mako za a wanke, kuma an janye ta daga jikin bango.

A ɗakin farfaɗowa majinyata sun fara rawar ɗari da asuba, rawar ɗari kuma tana cin oksijin. Barguna uku, jikka 9. Mai farfaɗowa a kwantar da shi a gefe, oksimeta a yatsa, ba ya komawa ɗaki sai ya kai maki 9 cikin 10 a ma'aunin farfaɗowa na Aldrete. Wanda aka ba ketamin a bar shi wuri shiru, dangi su dakata a waje.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Gwajin tsakiya. Duba kaya da haɗa magani, duka uku sun wuce. Komawa tukunya idan wuta ta ɗauke yanzu ƙasa da rabin minti ne. Allurar baya, ɗalibar da ɗaya namijin suna yi babba na tsaye bai sa hannu ba. Na ukun yana saurin tura magani kafin ruwa ya ɗigo sosai, ba zai yi shi kaɗai ba tukuna. Rubuta takardar lura duk minti 5 har yanzu da giɓi a wurin kowa, musamman idan aiki ya yi zafi, lokacin da aka fi buƙatarta.

Jimillar kuɗi zuwa yau jikka 32. Mako uku da suka rage: farfaɗo da jariri a minti na farko, danna ƙirjin babba sau 30 hura 2 a gudun 100 zuwa 120 a minti, zubar jini bayan haihuwa da ƙa'idar ƙarin jini, sai mai jijjigar ciki da maganin magnesiyom. Daga mako mai zuwa kowa zai fara kwanan aiki tare da babba. Muna jiran amsar buƙatar da aka rubuta ta na'urar auna iskar kabon a numfashi, domin ita ce tabbacin bututu yana maƙogwaro, da kuma jakar roba biyu da ƙarfen laringoskof na jarirai lamba 0 da 1.